Sabulun da Ke Ƙarƙashin Jif

Ranar Talata, kasuwa ta cika, na shiga garejin wani dattijon bakanike a Mafara ina faɗa. Kwana biyar da ya sauya wa jif ɗin da nake tuƙawa baƙin mai, ga shi tana ɗiga duk inda na tsaya. A gaban mahauta da dillalan shanu na ce masa tsufa ya cinye hannunsa, ko filta ba ya iya ɗaurewa.

Ya wanke ƙasan injin da kananzir, ya barbaɗa toka, ya ce in tayar da motar. Filta ta zauna a bushe. Tokar ta jiƙe ne a gindin kwanon baƙin mai.

Kwanakin baya, a hanyar Janbako na daki dutse cikin kwari, kwanon ya tsage, na liƙe shi da sabulun wanki. Na sani sarai. Motar ta yayana ce ta ɗaukar nama, ni kuwa ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Dattijon ya ƙwaƙule wani abu da farce, ya fito daga ƙarƙashin motar ya dubi jama'a.

"Shina da gaskiya," in ji shi. "Ya kamata in duba wurin nan tun farko."

Ya yi walda, ya zuba mai. Da muka yi musabaha, na ji ya danna mini guntun sabulun a tafin hannu.

Na ce masa sai an jima. Abin da na ce ke nan kawai.