Mun Je Gaya Taɓa Bangon Kawu

A ranin da ya biyo bayan rufe gadar Malanville ta kan iyaka ne Kawu, yayan mahaifiyata, ya matsa sai na kai shi Gaya. Idonsa ya kusa mutuwa. Yana saurayi ya yi aikin shafen bango a gidan wani attajirin fataken goro, kuma burinsa ya sa hannu a bangon zauren nan kafin ya cika.

Mun tashi daga Bengou da asuba a bayan wata tsohuwar mota da aka laɓta wa rake da dankali. Direba ya ce babu tsayawa, amma duk wanda ya ɗaga hannu sai ya taka burki. Har akuya biyu muka ɗauka, ɗaya ta cinye mini gefen hula. A tashar Gaya muka karya da kunu da soyayyen kifi. Kifin bai fi yatsa uku ba, mai tuyar ta ce ai tsadar mai ce.

Kawu ne ya yi wa ɗan kabu-kabu kwatance: a bi ta bayan kasuwa, a gangara wajen kogi, za a hango soro mai bene. Muka zaga sau uku ba mu hango komai ba. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, ta nuna mana wani dogon mangaza, wato sito, na bulo da kwano, babbar motar kamiyo na sauke shinkafa a bakinsa. Ta ce jikokin mai gidan sun yi yawa, gida ɗaya ba ya rabuwa, sai suka sayar suka raba kuɗin. Wanda ya saya bai ko leƙa ciki ba. Azarar giginya aka fara zarewa, don yanzu ba a barin a sare giginya, tsohuwar azara ta fi sabuwa daraja.

Kawu ya ce, "Mun iso?"

Na ce, "Mun iso, Kawu."

Ya miƙa hannu ya shafa bulo. Ni kuwa raina ya ɓaci. Ga fili birjik a hanyar Dosso, a ce duk garin nan babu inda buhun shinkafa zai kwana sai a kan wannan gida?

A bayan mangazan saura tudun jar ƙasa, wani mai amalanke yana ɗiba zuwa garka. Ya ce wa Kawu, "Baba, matsa kaɗan. Ƙasar tsohon gini ce, albasa na son ta fiye da taki."

Kawu ya durƙusa, ya lalubo wani ɓallin tsohon shafen bango ya sunsuna. Ya ce, "Makuba ce, jiƙon ɓawon ɗorawa. Ni na dama ta. Ɗana, kar ka zuba wa albasa wannan, sai ta ƙona ta." Mai amalanken ya yi dariya ya karɓa, ya jefar gefe.

Da la'asar muka dawo gida. Abin da na gane shi ne, a Gaya ba ruwan sama ke cin tsohon gini ba, rabon gado ne. Kafin mu taso, tsohuwar nan mai kopto ta lissafa mini abin da aka rushe: zaure uku, bene ɗaya, ɗaki goma sha huɗu, turken doki, rijiya, da wata tsamiya da ta girmi gidan.