Shingen da Ba a Ɗaure Ba

Na san Barira shekarar da aka turo ni Gure daga Tawa in koyar a lakwal, wato makarantar boko. Ba ni da kowa a garin, sai wata abokiyar aiki ta kai ni wani gida a unguwar gabas, ta ce akwai ɗakin haya. Na tarar da doguwar mace siririya tana shara a ƙofar gida. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Madam, kina shara?" Na ce ina yi. Ta ce, "To kin samu ɗaki." Na ɗauka wasa take yi. Sai da na zauna na gane cewa a unguwar nan rairayi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kullum, ya kwanta a tabarma, ya shiga tuwo, ya shiga kunnen mutum.

Matar nan ita ce Barira. Iyayenta 'yan kasuwar Damagaram ne, aure ya kawo ta Gure. Mijinta Abdurrahman ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ya bar mata rumfa a kasuwa da ɗa guda, Sadi. Kanwa take sayarwa, da dabino, da kauɗa. Yaran unguwa suna ce mata Ya Barira. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta da fara'a, kuma in ta murtuke fuska ko akuya ba ta ratsa tsakar gidanta. Amma in an haihu ko an yi rasuwa ita ake fara kira, in ta ce a ɗora tukunya, an ɗora ke nan.

Unguwar a rabe take gida biyu. Akwai 'yan Rumfa, masu zama a rumfar Mamman tela, akwai 'yan Aduwa, masu zama gindin aduwa wajen mai shayi. Kowane ɓangare da partinsa. Ni dai baƙuwa ce, na yi ta dubawa ban ga bambancinsu ba in ban da launin zanen da aka raba wa matansu lokacin kamfe. Yau partin ma an rushe su, babu ko ɗaya, amma gabar ba ta samu labari ba.

Sadi ban tarar da shi ba, labarinsa na tarar. Lokacin kamfe ne, ranar da partin biyu suka yi taro a Gidigir. Ya goya abokinsa Yahaya a babur suka tafi. Sadi ɗan gidan Rumfa ne, Yahaya ɗan Kande ne, shugabar matan Aduwa, amma su ko a jikinsu, kiɗa da shinkafa suka je nema. A hanyar dawowa wata kamyo, babbar motar kaya, cike da 'yan kamfe ta bi ta kansu ta wuce. Har gobe ba a san ta wane parti ba ce. 'Yan Rumfa suka ce ta Aduwa ce, 'yan Aduwa suka ce ta Rumfa ce. Barira da Kande, waɗanda da turmi ɗaya suke daka a ciki, tun zaman makoki ba su sake gaisawa ba.

An binne yaran gefe da gefe. Mata a nan ba sa shiga maƙabarta, saboda haka Barira ba ta taɓa ganin kabarin ɗanta ba. Abin da ta sani shi ne abin da tsoho Gado mai haƙar kabari ya gaya mata: layin ƙarshe wajen gabas, an kifa fasasshen kasko a kan na Sadi, an kafa itace a kan na Yahaya. Wannan kaskon ta riƙe a zuciyarta. Ta sha gaya mini, "Ban gani ba, Madam, amma Gado ya sani. In na yi addu'a na san inda nake aika ta."

Bayan maƙabartar akwai tudun rairayi, kuma tudun yana tafiya. Wanda bai zauna ƙasar nan ba zai ce ƙarya nake, amma tsofaffi sukan nuna maka wurin su ce a ƙarƙashinsa akwai rijiya da gonar wane. Sai wani furoje, irin shirin nan na masu ba da agaji, ya zo da aikin kafe tudu. Aikin ba wuya gare shi a faɗa: a saro kalimbo, wani ɗan itacen daji mai siraran rassa, a haƙa rami a jere, a kafa shi ya zama shinge, iska ta zo ta sauke rairayinta a gindinsa, daga baya a dasa itatuwa. Mutanen furoje suka ce a ba su ƙungiyar mata guda da shugaba guda. Maza suka yi ta taro a ƙofar Bulama Isufu, mai unguwa, suka kasa. Ƙarshe aka yi ƙungiya biyu. Matan Rumfa da Barira suka faro daga arewa, matan Aduwa da Kande suka faro daga kudu, a kan za a haɗu a tsakiya.

Ba a haɗu ba. Da shingayen biyu suka matso har ya rage faɗin da amalanke zai wuce, Barira ta ɗaga hannu ta ce wa matanta a tsaya. Ina wurin, na kawo musu ruwa, da kunnena na ji ta ce, "Hannuna ba zai ɗaura igiya a itacen da Kande ta kafa ba." Kande ta ji, ta kwashe matanta ita ma. Aka watse kowa yana ganin ya yi nasara. Mutanen furoje suka ɗauki hoto ta gefen da ya yi kyau suka tafi.

Ashe iska ta samu ƙofa. Duk rairayin da shingen ya tare hagu da dama sai ya taru ya bi ta giɓin nan, ya zubo ya miƙe dogo, kuma ba ko'ina ya nufa ba sai maƙabarta. Awaki ma ta nan suke shiga suna cinye dashen. Kowa a unguwa yana gani, kowa ya yi shiru, don wanda ya fara magana shi aka kayar. Ni abin ya ƙona mini rai, na yi mata magana sau ɗaya, ta ce, "Madam, ke ki ji da allonki." Na ja bakina.

A lokacin ne ta fara canzawa. Sharar da take yi sau ɗaya ta koma yi har sau ba adadi. Da rana tsaka, gari ya yi tsit, sai ta bar abin da take yi ta kasa kunne. Rairayi ne yake sauka a kan kwanon ɗaki, sassanyar ƙara, ci-ci-ci, wadda duk mun saba da ita. Ita kuwa sai ta ce, "Kin ji? Haka Sadi yake jan takalmi in ya dawo." Ta daina bari a rufe ƙofar ɗakinsa. Wata safiya na same ta tsugune a bakin ƙofar tana kallon rairayin da ya shigo ya kwanta a kan shimfiɗarsa, ta ƙi sharewa, ta ƙi tashi. Tsoro ya kama ni, ba na aljanu ba, na ganin mace mai ƙarfi irin wannan tana narkewa a gabana.

Ranar kasuwa Gado ya zo sayen kanwa. Ya tsaya yana juya dunƙulen a hannu, ya kasa tafiya. Can ya ce, "Barira, rairayi ya kai layin yaran nan."

Ta ce, "Kaskon fa, Baba Gado?"

Ya ce, "Jiya bakinsa kaɗai nake gani."

Ba ta rufe rumfa ba, haka ta bar ta a buɗe ta tafi wurin Bulama. Ya ce za a kira taro bayan salla. Ta je wurin Mamman tela, ya cire tabarau ya ce, "Haba Hajiya, in muka fara rufe giɓin nan ai sai su ce mun durƙusa. A bari su fara." Ta dube shi ta ce, "Malam Mamman, wa kake da shi a layin gabas?" Ya mai da tabaraunsa ya ci gaba da taka keke.

Daga nan gidan Kande ta nufa, ta ce in raka ta. Na bi ta. Muka yi sallama. Kande, gajeriya ce mai jiki, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa sallamar ba ta ɗago ba. Barira ba ta zauna ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne.

Ta ce, "Kande, rairayi ya hau kan yaranmu."

Kande ta ajiye rariya. Ta ce, "Yau kika sani? Ni tun watan jiya nake zuwa da ƙwarya ina kwashewa daga waje, iyakar inda mace za ta tsaya. In kwashe yau, gobe ya dawo."

"Me ya hana ki zo ki gaya mini?"

"Ke kika ce hannunki ba zai taɓa itacena ba."

Barira ta miƙa hannayenta biyu ta ce, "Ga su nan. Na faɗa, kuma ga abin da faɗar ta jawo." Kande ta kalli hannayen, ba ta kama ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da adda.

Ba su jira taron maza ba. Gida-gida suka bi tare, ɗaya doguwa ɗaya gajeriya, mutane suna leƙowa ta katanga kamar an ga wata da rana. Inda maigida ya ce matarsa ba za ta fita ba, Barira takan tsaya a zaure ta tambaye shi inda aka binne uwarsa. Ba wanda ya iya amsa wannan tambaya ya sake hanawa.

A kan tudu Barira ta kafa dokarta. Babu matan arewa, babu matan kudu. Biyu-biyu za a yi aiki, 'yar Rumfa ta haƙa, 'yar Aduwa ta kafa, in an gaji a sauya. Fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ya zagaya, kuma matan da suka fi kowa nisan ɗauko kalimbo su za su fara sha, ko matar wa ce. Matar Mamman ta tura baki, Barira ta ce mata hanya a buɗe take. Ba ta tafi ba.

Ana cikin aiki igiya ta ƙare. Wata 'yar Aduwa, Kubra, mai bakin tsiya, ta kwance tsohon zanen partin da ta yi ɗamara da shi, ta kekketa shi tsawo-tsawo. Ta ce, "Tun da aka ba ni shi bai taɓa yi mini amfani ba sai yau." Aka kwashe da dariya, kowa ta aika gida a kawo nata. Haka aka ɗaure shingen nan da fuskokin 'yan takara, kunnen wannan a ƙulle da hancin wancan. Ƙulli na ƙarshe Kande ta riƙe itace, Barira ta ɗaure. Ban ga sun dubi juna ba.

Kunya ta fito da maza washegari da shebur. Suka shiga maƙabarta da Gado suna janye rairayi daga layin gabas, mu mata muna tsaye a bakin shinge muna hangen bayansu. Suka daɗe. Can muka ga Gado yana zagaya wuri ɗaya, ya duƙa, ya tashi, ya sake zagayawa. Sannan ya taho wurinmu.

Barira ta ce, "An same su?"

Ya ce, "An samu, su biyu, lafiya lau suke kwance."

"Wanne ne mai kasko?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce rairayi ya tura kaskon ya gangara can gefe, itacen kuwa gara ta cinye. Ya ce, "Wallahi Barira, ranar na sani. Da kaskon na dogara. Yanzu in na ce miki wannan ne, na yi miki ƙarya a gaban matattu."

Ba ta yi kuka ba. Kande ce ta zauna daɓas a rairayi ta rufe fuska da gyale. Barira ta tsaya a kanta har ta gama, sannan ta kama ta ta tashe ta, suka gangara gida.

Shingen yana nan, dashen ya kama, har ya fara inuwa. Ƙungiyar mata guda ce yanzu, kuma Bulama ba ya yanke maganar rijiya ko ta famfo sai ya aika an tambayi Barira da Kande. Wata baƙuwa daga wani buro, wato ofis, ta taɓa zuwa tana son ta kai Barira Yamai ta yi jawabi a kan sulhu, Barira ta auna mata dabino ta sallame ta. Kada a ɗauka sun koma aminai kamar da. Gaisuwa suke yi, su yi aiki, kowa ta kama gabanta. In iska ta lafa kowace shekara su biyu ne suke fara hawa tudun su duba inda shinge ya kwance. Barira ta daina cewa Sadi yana jan takalmi, amma har yanzu in rairayi ya sauka a kwano da rana takan tsai da hannunta ta saurara.

Da aka mai da ni Tawa na je yi mata ban kwana, aka ce tana kan tudu. Na same ta a daidai wurin da giɓin yake da, tana ƙara ƙulla wani tsumma da rana ta ƙoɗar. Ta nuna mini layin gabas da haɓa. Daga nan ana hangen tudun ƙasa biyu, kusa da juna, babu komai a kansu.

Ta ce, "Ɗana yana ɗaya daga cikin waɗancan, Madam. Da na ɗaura igiyar nan ranar da ya kamata, da na san wanne ne."