Takardar Jinin Madam Debora

Debora ɗiyar Yohanna ta zo Tawa daga wajen Maraɗi don koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba miji, ba dangi, sai akwati ɗaya da bakin Faransanci mai kaifi. Da safe ƙalau take tafiya. Rana na take tsaka, ƙafa ta soma ja, ido ya dushe, alli ya suɓuce daga hannu. Zafi ne ke tada ciwon, amma wa ya tambaya? Kirista ce, tana tangaɗi, shi ke nan mutanen unguwa suka gama bincike: giya take sha lokacin hutun yara. Waɗanda ba su taɓa shan ruwan randarta ba har sunan kwalbar sun sani.

Darakta, Mushe Ma'azu, ya ce in ba ta kawo shaidar ciwo ba, zai ba wani ajinta.

Ta tafi Yamai. Wani likita ya ce yana zaton ɓawon jijiyoyinta ne ke zagwanyewa. Ya ɗebi jininta tun ba ta karya ba, ya sa cikin ƙanƙara, ya aika ƙasar waje a auna abin da ya kira tsatsar jiki, irin wadda ke cin ƙarfe. Wata bakwai tana jira, ita kaɗai a tsakar gida, ƙafafu cikin roba da ruwan sanyi.

Takardar ta iso a shekarar 1994. Mushe Ma'azu ya gyara tabarau, ya bi lambobin da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Madam, na ga tsatsa ta yi yawa. Amma ina wurin da aka rubuta ba ki sha?"

Babu wurin. Likitan ma ya faɗa mata awon na bincike ne, ita ce ta ɗora wa awon kayan da ba nasa ba.

A hanyar komawa ta faɗi a ƙofar Habsatu mai fura. Tsohuwar ta duƙa, ta kama haɓarta.

"Hura mini, ɗiyata." Ta shinshina. "Kai, maƙaryatan banza! Albasa ce kawai, ita ma ta jiya."

Habsatu ta faɗa wa duk wanda ya sayi fura, amma hancin mai fura ba ya shiga ofis. Ranar Litinin Debora na zaune a gida ta ji yaran ajinta ta bayan katanga suna maimaita karatu, suna bin muryar wani malami.