Malam Ɗalhatu Mai Kati da Matar da Ke da Suna Biyu

Kafin likita ya iso, kafin ma mai shara ta gama da baranda, Malam Ɗalhatu ya riga ya buɗe tagar ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti a Tsafe. Zai kakkaɓe kantoci, ya feƙe fensirinsa, sannan ya leƙo ya ce da na farkon layi, "Inna, mi as sunanki?" In ta faɗa, sai ya ƙara, "To, gida fa, da wane suna aka kiranki? Na yanka fa? Sunan mahaifi fa?" Duk sai ya rubuta su a kusurwar katin. Shekara talatin da biyu yana wannan tambaya, ma'aikata suna yi masa dariya wai ya cika bin diddigi. Watan jiya ya yi ritaya, kuma ko ruwan sanyi ba a tara mutane an sha don shi ba. Abin da ciwo.

To, ga abin da bin diddigin ya yi, waɗanda aka yi a gabansu suna nan da ransu.

A shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara, wani sabon jami'i ya zo asibitin da kwamfuta. Ya sa aka shigar da sunan da ke saman kowane kati, sannan aka kwashe tsofaffin fayiloli aka jibge a bayan ɗakin magani, wai tarkace ne, za a ƙona. Tarihin jinin mutane da haihuwarsu da ciwonsu ne fa ake kira tarkace! Malam Ɗalhatu ya yi magana, aka ce masa zamaninsa ya wuce.

Ana nan sai direba ya kawo wasiƙa daga wata likita a Gusau, Dakta Sa'adatu. Wata mata ce 'yar 'Yandoto, Hanatu Shehu, ta koma Gusau da zama, ta sauya likita, kuma washegari za a yi mata tiyata. Matar ta ce an taɓa yi mata wata allura a Tsafe ta kusa mutuwa, amma ba ta san sunan allurar ba. Likitan da ya duba ta a lokacin an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Dakta Sa'adatu tana roƙon a aiko fayil ɗin.

Jami'in ya danna kwamfuta, ta ce babu Hanatu Shehu. Ya rubuta "babu" ya miƙa wa direba, ya ci gaba da shan shayinsa.

Malam Ɗalhatu da ya ji, sai ya ce, "Ranka shi daɗe, matan 'Yandoto ba su cika zowa da sunan yanka ba. Surukai ka kawo su, su ka faɗin suna."

"Baba, na'ura ta ce babu."

"Na'ura ba ta san kunya ba."

Gaskiyarsa. Amarya in ta zo asibiti da uwar mijinta, bakinta ba ya buɗewa. Uwar miji ce za ta faɗi sunan da ake kiranta a gida, ta haɗa da sunan ɗanta. In matar ta girma ta je wani asibiti da ƙafarta, sai ta ba da sunan yanka da na mahaifinta. Mutum ɗaya, kati biyu, kuma babu wanda ya san ɗan'uwansa.

Dattijon nan ya tuɓe babbar riga ya shiga jibgin fayiloli da rana tsaka, yana ɗaga kati ɗaya bayan ɗaya yana duba kusurwa. Masu jinya suna kallonsa, jami'in kuwa ko leƙowa bai yi ba. Bayan la'asar ya same shi. A sama an rubuta Talatu Idris. A kusurwa, da fensirinsa na shekara goma sha tara da suka wuce: Hanatu, 'yar Shehu, 'Yandoto. A ciki kuma likita ya ja layi da jan biro, kada a kuskura a yi mata allurar fenisilin.

Ya kwafi abin da ke ciki ya ajiye, ya sa fayil ɗin a ambulan ya liƙe, don sirrin mara lafiya ba abin karantawa a mota ba ne. Waya ba ta shiga, hanyar Gusau kuwa a lokacin kowa ya san halinta. Ya hau mota ya kai da hannunsa. Dakta Sa'adatu da kanta take ba da labari cewa maganin yana cikin waɗanda ta rubuta a tanadar wa matar, nan take ta soke shi.

Kai ne, Malam Ɗalhatu, mai riƙon amanar da masu ita ba su san sun ba ka ba. Kai ne ka ɗauki takarda da darajar ran da ke cikinta, a wurin da masu manyan kujeru suka ɗauke ta abin hura wuta. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka huta cikin lafiya. Ku kuma da kuka gaji tagarsa, don Allah ku ƙara tambaya ɗaya kafin ku ce babu. Mu ma in za mu sauya likita, mu tsaya sai an aika da fayil ɗinmu.

Hanatu ta warke. Ranar da aka sallame ta, Malam Ɗalhatu ya je karɓo fayil ɗin, suka yi kiciɓis a bakin ƙofa. Tana riƙe da ƙwaryar ƙwan zabi da za ta kai wa likita tukuici, ta dube shi ta ce, "Baba, ɗan matsa in wuce." Ya matsa.