Sai Hannun Yaya

Kowa Ƙarami yake kiransa, ko da yake furfura ta ci rabin gemunsa. Shekara ashirin da biyu yana walda a shagon da suka buɗe shi da yayansa, suna ƙera ƙofofi da gadajen asibiti. Da aka yi wa shagon rajistar kamfani, Yaya aka rubuta darakta, shi kaɗai ke da ikon sa hannu a duk takardar da za ta je hukuma. Ƙarami ko a jikinsa. "Ni ƙarfe na sani," yakan ce, "biro sai Yaya."

Wata Talata Yaya ya yanke jiki ya faɗi a gaban injin yanka. Ya farfaɗo ɓarin dama a shanye, magana ba ta fita.

Bayan wata uku wasiƙa ta iso: in ba a miƙa takardun shekara zuwa Juma'a ba, za a soke kamfanin. In aka soke, kwangilar gadajen ta tafi, ga magidanta tara na ci daga shagon.

Ƙarami ya kwashi fayil sai ofishin rajista. Ma'aikaciyar ta duba, ta turo masa abinsa.

"Baba, ba sunanka ba ne a nan."

"Ƙaninsa ne ni, 'yata, ciki ɗaya."

"Na ji, amma sai shi."

"To, a mayar da sunana."

"Takardar canjin ma shi zai sa wa hannu."

Ya koma shago ya kulle ƙofa, ya cika shafi uku yana kwaikwayon sa hannun Yaya. Na ƙarshen ya yi kama har gabansa ya faɗi. Ya ƙone su duka.

Wani lauya ya ce dangwalen yatsa zai wadatar, muddin likita ya shaida Yaya na cikin hayyacinsa, kuma a gaban jami'i. Takardar likitan ba ta fito ba sai Alhamis.

Ranar Juma'a Ƙarami ya goya Yaya har hawa na uku na ofishin rajista, matar Yaya na biye tana tallafe ƙafar da ke reto. Jami'in ya sunkuyo.

"Ka yarda ƙaninka ya riƙa sa hannu?"

Yaya ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya gyaɗa kai. Aka dangwala masa yatsan hagu.

Ƙarami ya ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe?"

"Sai shugabanmu ya amince, shi kuwa ya riga ya tashi daga aiki. Ban san ko za a ɗauka kun cika wa'adi ba. Ku leƙo Litinin."

Ƙarami ya durƙusa, matar Yaya ta ɗora masa shi a baya, suka fara saukowa.