Ranar da Motar Ƙungiya Ta Tsaya a Ƙofar Gidana

Duk abin da zan manta a zaman aurena, ban da la'asar ɗin nan da wata farar wagon ta tsaya a ƙofar gidanmu a Panshekara. Shekaru sun ja, yaron da nake goyo a lokacin har ya fi ni tsawo, amma in na zauna na tuna ranar sai in ji kamar yanzu abin yake faruwa.

Maigidana ma'aikaci ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Yara sun cika mana gida, abin hawanmu kuwa tsohon babur ɗinsa ne kawai. Zuwa ƙauyensu a Jigawa da salla azaba ce zalla: ga goyo, ga ledoji, ga rigima da 'yan kamasho a tasha, a dawowa kuma ga buhun geron da mahaifiyarsa ba ta yarda a baro mata shi. Da muka gaji sai muka yanke shawarar haɗa ɗan abin da ya tara da adashina na ɗinki mu sayi mota ta hannu. Ba ta gayu muke so ba. Wagon muke nema mai dogon baya, wadda za ta kwashe mu da yara da kaya, kuma ba za ta mayar da mu 'yan gidan bakanike ba.

To, mutumin nawa akwai tsantseni, har ya yi yawa. Duk ranar hutunsa sai ya ɗauki abokinsa bakanike su zaga Sharada da Bompai suna duba motoci, ya dawo da yamma hannu duk baƙin mai yana ba ni labari. Wannan an yi mata sabon fenti ne don a ɓoye haɗari. Waccan dillalin ya tayar da ita tun kafin su iso, don kada a ji kukan injin da sanyi. Wata kuwa lafiyarta lau, amma in kayanta ya lalace sai an aika Legas. Ni har na gaji na ce masa, “Malam, ko lokacin da za ka aure ni ba ka yi wannan binciken ba.” Ya ce ai ni ba a canza mini giya. Haka aka yi ta tafiya har damina ta shigo ba mu sayi komai ba, na ma cire rai.

Sai na yi bayanin wata mota kafin a gane abin da ya faru. Ma'aikatan kamfanin su maigidana suna da ƙungiyar taimakon juna, ƙungiyar kuma tana da farar wagon mai koren layi a gefe. Mu matan unguwa “motar ƙungiya” kawai muke ce mata, kuma ba mai son ambatonta. Idan ma'aikaci ya rasu a wurin aiki, ita ake aikowa. Dattawan ƙungiya su zo a cikinta, su fara ganin liman, liman ya rako su ƙofar gida a yi sallama, sannan a kwantar da kujerar baya a tafi da mamacin garinsu. Ni da idona na gan ta ta tsaya a gidan da ke kallon namu, ranar da iskar ramin ruwan jima ta kashe mijin maƙwabciyata. Maƙwabciyar nan ce ta karɓe ni tun ina amarya a layin, shi ya sa nake ce mata Yaya. Tun daga rasuwar take sayar da awara a zaurenta tana riƙe marayunta.

A ranar da nake ba da labari, da safe maigidana yana ɗaura takalmi ya ce yau za su yi yashen rami, ƙila ya yi yamma. Na tsani kalmar nan. Na ce Allah ya tsare, ya ce amin, ya ja babur ya fita yana wani murmushi da ban gane kansa ba.

Ana kiran la'asar ina kan keke ina ɗinki sai na ji mota ta shigo layinmu a hankali, ta tsaya, aka kashe. Layin namu ba a cika shigowa da mota ba, balle da damina. Na leƙa ta labulen zaure. Farar wagon ce, ga koren layinta, bayanta daidai ƙofarmu. Dattawa biyu suka fito, na gane su sarai, su ne dai na ranar mijin Yaya. Ɗayan ya nuna gidanmu ya tambayi mai shagon kusa da mu, “Nan ne gidan nasa?” Mai shago ya ɗaga kai, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Daidai nan aka tayar da iƙama, suka juya da direbansu suka shige masallaci.

Ban san yadda aka yi na koma tsakar gida ba. Na ɗauki waya na kira maigidana, a kashe. Na san a get ɗin kamfani suke ajiye waya kafin su shiga aiki, kullum haka ne, amma ranar zuciyata ta ƙi karɓar wannan. Na sake kira, na sake kira. Na kira bakaniken nan abokinsa, tana ta ƙara bai ɗauka ba, shi ma yana salla. Duk namijin da zan iya tambaya a duniyar nan yana cikin sahu a lokacin, ni kuwa ba halin in je ƙofar masallaci in ja rigar dattijo.

Ina tsaye da waya a hannu Yaya ta shigo, ko mayafi ba ta yafa daidai ba, hannunta duk mai. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance goyon daga bayana ta miƙa wa babbar 'yata, ta ce ta shige ɗaki da ƙannenta ta kunna musu rediyo. Sannan ta kama kafaɗuna ta zaunar da ni a kan tabarma.

“Yaya, rami suka shiga yau,” na ce mata. “Da bakinsa ya gaya mini.”

“Yi shiru. Ba a ce miki komai ba tukuna.”

“Ke me aka ce miki kafin su shigo?”

Ta dai ƙara matse hannuna, tana maimaita innalillahi a hankali, ni ma na bi ta. Amsar da ba ta bayar ba ta fi komai tsorata ni, don ita kaɗai ce a layin ta san yadda ake yin wannan jiran.

Kafin a kai raka'a ta biyu gidana ya cika da mata. Ban san wa ya gaya wa wa ba. Motar ce ta yi shelar da kanta. Wata ta sauke mini tukunya daga wuta, wata ta fara kwashe shanya, wata tsohuwa ta shiga share tsakar gida tana shimfiɗa tabarmi. Wallahi shimfiɗar tabarmin nan ta ba ni haushi har na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce wa ya ce mata an yi mutuwa a gidan nan? Ta dube ni da tausayi ta ci gaba da abin da take yi.

Ban taɓa sanin sallar la'asar tana da tsawo haka ba. Ina jin kabbarar liman ta lasifika, kowace ɗaya tana matso da mutanen nan ƙofata. Rabin zuciyata na so a idar in ji, rabi na roƙon kada a taɓa sallamewa. Tunani kuwa ba irin wanda bai zo mini ba, har da na banza. Na tuna da safe na yi masa mitar kuɗin cefane yana cin ɗumame. Na tuna rigarsa da na jiƙa ban wanke ba. Na tuna mahaifiyarsa a ƙauye, na ce wa zai gaya mata, da wane baki? Na kalli ƙofar ɗakin da yarana suke ciki, na kalli Yaya da hannunta mai ƙunar kasko, na ga kaina.

Aka sallame. Wata da ke leƙe a zaure ta juyo ta ce da ƙaramar murya, “Ga su nan, har da liman.”

Shi ke nan, sauran ƙarfin da nake riƙe da shi ya tafi. Na miƙe, Yaya ta tallafe ni muka isa bayan labule. Ina jin takun takalmansu a cikin taɓo. Liman ya yi gyaran murya ya yi sallama, irin doguwar sallamar nan tasa. Wata a bayana ta fashe da kuka, sauran suka ɗauka, ni kuwa kukan ma ya ƙi zuwa.

Cikin wannan kukan na ji ƙarar babur. Salansarsa a fashe take, ko cikin barci na san ta. Na ce a raina wani ne ya kawo babur ɗin gida. Na yaye labulen gaba ɗaya, ba mayafi, a gaban liman da dattawa. Sai ga shi yana kafe babur, da takalmin robarsa na aiki, ledar lemo a rataye a hannu, yana washe baki.

“Kun riga ni ashe! Alhaji, ku yi haƙuri, manaja ne ya riƙe ni.” Sai ya ji kukan, fara'ar ta ɗauke. Ya dube ni ya ce, “Lafiya? Wa ya rasu?”

“Kai,” na ce masa. Daga nan na sulale na zauna a ƙasan zaure, kukan ya zo gaba ɗaya.

Ashe ƙungiya ce ta sayi bas, ta sa wagon ɗin a kasuwa, aka ba 'yan ƙungiya dama su fara tayawa. Shi kuma ya san motar ciki da waje: direba ɗaya ne yake tuƙa ta tun tana sabuwa, ana yi mata juyen mai a kan lokaci, ba ta taɓa haɗari ba, ga sauƙi saboda ɗan gida ne. Ya ɓoye mini ne wai don ya ba ni mamaki. Dattawan sun zo damƙa masa makulli a ƙofar gidansa a gaban shaidu, suka ga liman a masallaci, suka roƙe shi ya zo ya sa wa motar albarka. Da suka fahimci abin da ya faru, ɗayansu ya riƙe baki ya ce, “Subhanallahi. Baiwar Allah, ki yafe mana, wallahi ko kaɗan hankalinmu bai kai nan ba.”

Na yarda hankalinsu bai kai ba. Su maza kullum suna ganin motar a ƙarƙashin bishiya a bakin kamfani, a cikinta suke zuwa ɗaurin aure da suna, a jikinta suke jingina su ci rake. A wurinsu mota ce. Mu mata ba mu taɓa ganin ta ba sai ranar da ta zo ɗaukar mijin wata.

Mata suka koma dariya da hamdala, ana ta tsokanar tsohuwar da ta shimfiɗa tabarmi. Ni ina riƙe da hannun rigar maigidana na ƙi saki, ko kunyar mutane ban ji ba. Sai can na waiga neman Yaya. Ba ta nan. Ta zare hannunta daga nawa ban ma sani ba, ta tsallaka gidanta. Na hango ta zaune a gaban kaskonta, wutar ta mutu, tana kallon bayan motar nan. Murnata ta koma mini ciki, don ita nata bai biyo baya a kan babur ba.

Bayan baƙi sun tafi na ce masa sai dai a mayar da ita. Ya ce ya shekara yana nema bai ga mai lafiyarta ba, in ya sake ta ba zai samu irinta da abin da ke hannunmu ba. Na ce ko kyauta ce ba za a ajiye ta tana kallon ƙofar Yaya safe da yamma ba. Ya ajiye makullin a kan keken ɗinkina, ya ce in yanke duk abin da na ga dama.

Washegari da safe na shiga wurinta na gaya mata za mu mayar. Tana tace waken awara, ba ta ɗago ba ta ce, “Saboda ni?” Na ce saboda ke, saboda ni ma. Ta matse ƙyallen tatar.

“Motar ba ta yi mini komai ba,” ta ce. “Ita ta kai shi gida da mutuncinsa, ba ta tsaya da mu a hanya ba. Ku riƙe ta. Ina so in ga yara sun shige ta suna faɗan wurin zama, ko na daina ganin abin da nake gani.”

Muka riƙe ta. Aka yi mata shuɗin fenti, ta yi mana shekaru tana kai mu Jigawa tana dawo da mu, ban da taya da birki ba abin da ta taɓa nema. Tafiyar farko da muka yi har da 'ya'yan Yaya, ita kuma ta tsaya a ƙofa tana kallo har muka sha kwana, amma ba ta ƙara shiga ba har muka sayar.

Abin da na koya a ranar shi ne, mota ta hannu ba inji da giya kaɗai mutum yake saya ba, har da duk ƙofar da ta taɓa tsayawa. Maigidana ya duba komai a jikinta, bai bar ko kusoshi ba. Tambaya ɗaya ce bai yi ba, kuma ba bakanike ne zai amsa ta ba: wa zai gan ta a layinmu, kuma me zai tuna.