Baba Sai-Fomatin

A layin masu gyaran kwamfuta, ba wanda yake kiran mahaifina da sunansa na yanka. Sai-Fomatin suke ce masa. In ka kai masa kwamfutar da ta tsaya wajen sabunta kanta, ta ƙi gaba ta ƙi baya, zai kasa kunne ya saurari fankarta, ya taɓe baki ya ce, "Wannan sai fomatin." Ya kwashe maka kayanka a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanai, ya goge komai, ya ɗora mata babbar manhaja tun daga tushe. Mama takan ce da zai samu dama, da mu ma ya yi mana fomatin ya huta da surutunmu.

Yana da wata ɗabi'a. In aiki ya zo ƙarshe, kwamfuta ta nemi sunan mai ita, sai ya juyo cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, wane suna za a sa?" Amma in ta gida ce, ba ya tambayar kowa. Auta yake rubutawa, wato ni. Yayyena sun yi ƙorafi har sun gaji.

Mantuwa ta fara masa da makullin shago. Daga nan ya goge wa wani mai ɗaukar hoto aikinsa kaf, bai kwashe ba. Labari ya zaga, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, har waɗanda ya koya wa riƙe sukudireba suka koma yi masa dariya. Wannan har gobe yana ci mini rai. Muka rufe shago. Likita ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a bar hannunsa ya riƙa yin abin da ya saba.

Sai na jawo tsohuwar kwamfutar tebur ɗinmu daga ƙarƙashin gado. Ta tsufa da yawa, ko an yi mata fomatin ba ta karɓar sabuntawa. Takan kai rabi, ta cije, ta koma inda ta fito. Ni kuwa abin da nake so ke nan. Kullum da safe nakan rungumo ta in dire masa a ɗaki.

"Baba, ta sake fa."

"Ai na gaya miki, sai fomatin."

Babban yayanmu ya daina shigowa tun ranar da Baba ya tambaye shi wa yake nema. Yayan ya ce wahalar da kaina kawai nake. Wataƙila gaskiyarsa. Amma ni nakan tsaya a bayan kujera ina jiran wurin sunan nan. In na ga ya rubuta Auta, na san yau ma ina da uba.

Ran nan ya tashi da kuzari, har ya sha kokonsa duka. Ya soka filas, ya goge, ya ɗora, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Yana jira yana kaɗa ƙafa kamar da, har na fara jin daɗi. Da kwamfuta ta nemi suna, yatsunsa suka tsaya a kan madannai. Ya gyara zaman tabarau, ya juyo da fara'arsa ta shago.

"Hajiya, wane suna za a sa?"

Na so in ce Baba ni ce, amma na ga yadda yake jirana cikin mutunci, na kasa ba shi kunya.

"Auta," na ce.

Ya rubuta a hankali, ya nuna mini in duba ko daidai ne. Sannan ya naɗe wayoyin tsaf, ya ɗora a kan akwatin kwamfutar.

"An gama, Hajiya. In ta sake, ki dawo da ita."

Na ce to. Na rungume ta na fita, ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba.